Muhawara: A Magana da Turanci, Maza Ne Gaba ko Mata?

Malama Hauwa'u:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai abin da ya daɗe a raina, yau dai na ce bari in baje shi a nan ko zan samu masu taya ni dubawa. Shekarata tara ke nan ina koyar da Turanci, ajina kuma haɗe yake, maza da mata. Duk sanda na ba da gwajin rubutu, na nahawu ne ko na insha'i, 'yan mata ne ke kwashe makin sama. Amma da zarar na ce kowa ya rufe littafi, yau baki za a buɗe, sai aji ya koma na maza. Su ne da ɗaga hannu, su ne da amsawa tun ban dire tambaya ba, ko da kuwa Turancin nasu ya karye gida uku. Yarinyar da ta fi kowa maki sai ta sunkuyar da kai, in na matsa mata ta jefo kalma biyu ta koma ta zauna.

Makon jiya na ajiye takarda a gefen tebur, duk wanda ya yi magana sai in ja ɗan layi a ɓangarensu. Kwana biyar ina haka. Da na duba ranar ƙarshe sai da na ji kunyar kaina, domin ɓangaren maza ya cika har na juya baya, na mata ko rabi bai kai ba, alhali sun fi yawa a ajin. To shin maza sun fi iya magana da Turanci ne, mata kuma rubutu? Ko ni ce nake yin wani abu ba daidai ba?

Abban Sadiq:
Wa alaikumus salam Malama. Ni kam wannan labari ya ɗaure mini kai. Mata su yi shiru? Ai ni abin da na sani, bincike ya tabbatar mace tana furta kalma 20,000 a rana, namiji kuwa 7,000 kacal. Wanda ya fi yawan magana ai shi ya kamata ya fi saurin kama sabon harshe. Ƙila dai ajinki ne daban.

Nura:
Abban Sadiq, wannan ƙidayar a gidanka ka yi ta ko? Allah ya sa Maman Sadiq ba ta cikin zauren nan.

Malam Habu:
Abban Sadiq, ka yi haƙuri zan taɓa ka kaɗan. Wannan lissafi na 20,000 da 7,000 ya zaga duniya, amma ba shi da tushe. Ya yi suna ne ta wani littafi da wata likitar ƙwaƙwalwa Ba'amurkiya, Louann Brizendine, ta fitar a 2006. Wani masanin harshe mai suna Mark Liberman ya bi diddigin alƙaluman ya rasa binciken da aka ciro su daga ciki, daga baya ma aka cire su daga littafin.

Waɗanda suka zauna suka ƙirga da gaske su ne Matthias Mehl da abokan aikinsa, a 2007. Sun rataya wa ɗaliban jami'a 396 a Amurka da Meziko wata 'yar na'ura mai ɗaukar sauti na daƙiƙa 30 duk bayan minti goma sha biyu da rabi, ba tare da mutum ya san lokacin da take ɗauka ba. Da aka lissafa, mata suka tashi da kalma 16,215 a rana, maza 15,669. Ka ga kusan kunnen doki. Abin dariyar ma, wanda ya fi kowa surutu a cikinsu, mai kusan kalma 47,000, namiji ne, wanda ya fi kowa shiru, mai ɗari biyar da 'yan kai, shi ma namiji ne. Tazarar da ke tsakanin namiji da namiji ta ninka wadda ke tsakanin maza da mata ban san sau nawa ba.

Abban Sadiq:
To Malam, na ji. Amma ɗaliban jami'a kaɗai ai ba su ne duniya ba.

Malam Habu:
Wannan gaskiyarka ce, kuma zan ba ka rabin nasara. An sake irin wannan ƙidaya da mutane sama da 2,000 masu shekaru daban-daban, aka wallafa a 2025, aka ga mata masu shekara 25 zuwa 64 sun fi maza da kusan kalma 3,000 a rana. Akwai bambanci ke nan, amma ina 3,000 ina 13,000? Sannan wannan maganar yau da kullum ce. Maganar cikin taro daban take. Deborah James da Janice Drakich sun tattara bincike 56 a 1993 kan yadda ake raba magana idan maza da mata sun haɗu wuri ɗaya, biyu kacal daga ciki suka nuna mata sun fi yawan magana. Akasarinsu maza ne suka cika fili. Saboda haka takardar Malama Hauwa'u ba sabon abu ta nuna ba. Aji taro ne.

Ummi:
Sannunku da muhawara. Ni ɗaliba ce, ban cika sa baki a zauren nan ba, amma yau kamar da ni ake. Malama, ni ce irin yarinyar nan da kike faɗa. Wallahi ba rashin sanin amsa ba ne. Idan aka yi tambaya, sai in haɗa jimlar a kaina, in duba ko aikatau ya dace da lokaci, in duba ko na sa ɗan harafin nan na ƙarshe da ake ƙarawa idan mutum ɗaya ake nufi, in maimaita ta sau biyu a zuci. Kafin in ɗaga hannu wani ya riga ya amsa da rabin jimla, malami ya ce madalla, an wuce. Sai in haɗiye tawa.

Kuma akwai ranar da na daure na tashi, na zo faɗin wata kalma mai farawa da p sai ta fito da f. Wasu maza a baya suka kwashe da dariya, suka yi mako guda suna kirana da kalmar. Su kuwa kullum suna yin irin wannan kuskuren, ba wanda ke tanka musu, su ma ko a jikinsu. Tun ranar na kulle bakina. Shekara biyu ke nan amma har yanzu in zan yi Turanci a gaban mutane sai na ji zuciyata tana bugawa a wuyana.

Malama Hauwa'u:
Allah sarki Ummi. Kin sa na tuna fuskoki da yawa. Na gode da kika faɗa, ƙanwata.

Injiniya Bashir:
Ummi, ki yi haƙuri, amma kada ki ɗauka mu ba ma jin komai. Ni na tashi da in'ina, kuma in ba ku sani ba, in'ina ta fi kama maza, a cikin manya kusan maza huɗu ne a kan mace ɗaya. Duk zamana a makaranta ban taɓa ɗaga hannu a darasin Turanci ba. Idan Malama ta koma ta duba takardarta da kyau, ina da yaƙinin layukan nan na maza ba na dukkan maza ba ne. Wasu 'yan tsiraru ne masu baki suka cika shafin. Akwai maza a ajin da ko sau ɗaya ba su yi tari ba, amma ba wanda ya damu da su, domin an riga an yanke cewa maza suna magana.

Ni sai da na fara aiki, aka haɗa ni da mutanen da ba mu da wani harshe tsakaninmu sai Turanci, sannan bakina ya buɗe. Dole ce ta koya mini, ba namijintaka ba.

Malama Hauwa'u:
Injiniya, ka kama ni. Yanzu na ɗauko takardar. Ban rubuta suna ba, amma na san su sarai, yara huɗu zuwa biyar ne suke ta maimaita kansu. Akwai wani yaro da yake zama kusa da taga, ban tuna ranar da na ji muryarsa ba. Subhanallah.

Anti Rabi:
Na shigo a makare, amma bari in tofa albarkacin bakina, tunda aikina ke nan, shirya manya masu zuwa jarrabawar IELTS, wato gwajin ƙwarewar Turanci na ƙasa da ƙasa. Malama Hauwa'u, ina ganin tambayarki ta haɗa abu biyu wuri ɗaya: yawan magana da iya magana. A ɓangaren baka na IELTS ana zama da mutum ɗaya ne minti 11 zuwa 14, kashi uku, a na biyu a ba shi minti ɗaya ya shirya sannan ya yi magana shi kaɗai har minti biyu. Abu huɗu ake auna masa: gudun magana da haɗuwarta, yalwar kalmomi, nahawu, sai furuci. Kowanne nauyinsa ɗaya. Babu makin ɗaga hannu, babu makin rigan kowa amsawa.

To a nan ne nake ganin abin mamaki. Namijin da ya cika aji da surutu, in aka ce ya riƙe magana ɗaya minti biyu, sau da yawa kafin daƙiƙa arba'in ya ƙare, sai zagaye da maimaici. Ya saba da jefa magana, bai saba da gina ta ba. Macen da take shiru a aji kuwa, in ta samu fili ba mai katse ta, sai ki ji jimloli a jere kamar karatu. Matsalarta ita ce tsayawa gyara kanta, ta faɗi abu daidai ta koma ta sake shi don tana shakka, wannan ya ci mata makin gudun magana. Kowa da inda yake zubar da nasa.

Ba ina cewa kullum haka ne ba. Na ga mata masu zuba kamar famfo, na ga maza masu auna kowace kalma. Amma abin da na faɗa shi na fi cin karo da shi.

Nura:
Anti, ni ne mai daƙiƙa arba'in ɗin nan. Ko sunana ba ki kira ba amma na amsa.

Abban Sadiq:
To ni har yanzu akwai abin da ban gamsu da shi ba. Ba a ce ƙwaƙwalwar mace daban take wajen harshe ba? Kowa ya yi renon yara ya san 'ya mace ta fi saurin buɗe baki. Wannan ai halitta ce, ba malami ya jawo ba.

Malam Habu:
Akwai ƙamshin gaskiya a maganarka. A matsakaici 'yan mata kan ɗan riga maza fara magana da tara kalmomi, jinkirin magana kuma ya fi yawa a maza. Amma ratar ƙarama ce, kuma tana raguwa yayin da yara ke girma. Batun ƙwaƙwalwa kuwa, a 1995 ne wani binciken hoton ƙwaƙwalwa na su Shaywitz ya ce mata na amfani da ɓangare biyu wajen sarrafa sautin kalma, maza ɓangaren hagu kaɗai. Jaridu suka ɗauka. Da Iris Sommer da abokan aikinta suka tattara irin waɗannan bincike wuri ɗaya a 2004, ba su samu wannan bambanci ba. Labarin farko ya yi tafiya, gyaran bai bi shi ba.

Wanda ya fi ba ni amsa shi ne aikin Janet Hyde da Marcia Linn na 1988. Sun haɗa bincike 165 kan ƙwarewar harshe. Sun samu mata na gaba, amma da ɗan taƙi. In fassara muku lissafin a sauƙaƙe: a ɗauko mace ɗaya da namiji ɗaya ba zaɓe, a gwada su, a yi haka sau ɗari, macen za ta yi nasara kamar sau 53, namijin sau 47. Inda ratar ta fi faɗi shi ne a furta magana, a nan ya kai kamar 59 da 41. Ku lura, a ɓangaren maganar ma mata ne ke gaba, ba maza ba.

A koyon harshe na biyu kuma, akwai wani babban nazari na 2015 a ƙasar Holan, kan baƙi manya 27,119 daga ƙasashe 88 da suka zauna jarrabawar harshen ƙasar. Mata suka fi maza a rubutu da kuma magana. Ba Turanci ba ne, amma darasin ɗaya ne: in an zaunar da kowa shi kaɗai an auna, mata ba sa baya a magana. To in a jarrabawa suna gaba, a aji kuma ba a jin su, ba harshensu za a tuhuma ba.

Maman Khalil:
Malam Habu, to wa za a tuhuma? Ka fito fili mana.

Malam Habu:
Hajiya, kin san mu malamai ba ma son a zo nan. Amma tunda kin tambaya, da mu a ciki.

Baba Malam:
Bari tsoho ya karɓe ka, Habu. Na yi shekara talatin da wani abu da alli a hannu kafin in ajiye. Hauwa'u 'yata, laifin da kike tsoron naki ne, namu ne gaba ɗaya, kuma ba da gangan muke yi ba. Malami yana da minti arba'in, yana da manhajar da zai ƙarasa. Ya yi tambaya, shiru ya ba shi tsoro, sai ya cafke hannun da ya fara tashi. Wata malamar kimiyya a Amurka, Mary Budd Rowe, ta auna wannan tun wajejen 1970, ta ga malami ba ya jira fiye da kamar daƙiƙa ɗaya bayan ya yi tambaya. Da aka koya wa malamai su jira daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi suka ƙara tsawo, waɗanda ba sa magana suka fara. Wannan fa a harshen uwa ne. Ina ga wanda sai ya juya maganar daga wani harshe zuwa wani? Ki duba abin da Ummi ta faɗa. Jimlarta tana hanya, daƙiƙa uku kawai take nema.

Na biyu, yaro mai ƙiriniya shi ke jan idon malami. Kana kiransa don ka tsare shi kada ya hargitsa maka aji, ba ka sani ba kana ba shi horon magana kyauta. Yarinya mai natsuwa kuwa sai ka ce ai wannan ba ta da matsala, ka ƙyale ta. Ladabinta ya zame mata asara.

Ni abin da na yi a shekaruna na ƙarshe, in za a yi aikin baka sai in ware 'yan mata rukuninsu daban, maza daban. Na ga yaran da ban taɓa jin muryarsu ba suna gardama da Turanci har sai na tsawatar.

Anti Rabi:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Na yarda da komai ban da na ƙarshen. Warewa tana da amfani a farko, amma in aka tsaya a nan an cuce su. Ranar da yarinya za ta zauna gaban mai jarrabawa, ko gaban masu ɗaukar aiki, ba za a tambaye ta wa take so ba. In ba ta taɓa koyon riƙe maganarta ba lokacin da namiji ya shigo mata a tsakiya, yaushe za ta koya? Ni har jimlolin ƙwatar fili nake koya musu, yadda za ki ce ban gama ba cikin ladabi, yadda za ki dawo kan batunki in an kauce da shi. Mazan kuma ina koya musu yadda ake tambayar mutum ra'ayinsa a yi shiru a saurara. Wannan ma ƙwarewar magana ce, kuma da yawansu ba su da ita.

Baba Malam:
Rabi, ba a koya wa yaro iyo a tsakiyar kogi. A bari ƙafarta ta yi ƙwari tukuna.

Anti Rabi:
Haka ne Baba, amma wanda bai bar bakin gaɓa ba shi ma bai iya ba.

Malam Habu:
Ku biyun kowa yana da madafa. Susan Gass da Evangeline Varonis sun gwada wannan a 1986 da Japanawa masu koyon Turanci, suka haɗa su bibbiyu. A inda aka haɗa mace da namiji, mazan suka fi riƙe magana, matan suka fi yin tambayar neman bayani. Wato namiji ya samu damar motsa baki, mace ta samu damar fahimta. Matsalar ita ce kunne kaɗai ba ya koya wa baki. Merrill Swain ta nuna haka a Kanada, da yaran da suka shekara da shekaru ana koyar da su da Faransanci: suna ji sarai, amma in suka buɗe baki sai ka ga giɓi, domin ba a tilasta musu furtawa ba. Sai ka zo faɗin abu ne kake gane ba ka iya faɗinsa ba. Saboda haka duk minti ɗaya da aka hana Ummi, ba maki kaɗai aka hana ta ba.

Sagir:
Ni fa ina ganin ana ta lallashin mata ne kawai a nan. In mutum yana so ya iya, ya tashi ya yi magana. Wa ya riƙe musu baki? Mu ma ana yi mana dariya muna shanyewa. Raki ne kawai.

Maman Khalil:
Sagir, ka karanta abin da yarinyar nan ta rubuta kuwa, ko ka tsallake ne ka zo ka amsa tun ba a gama tambaya ba? Ka ga misalin abin da ake faɗa da ransa.

Shugaban Zaure:
Jama'a a sassauta. Sagir, a janye kalmar raki. Hajiya, a yi haƙuri. A ci gaba a kan batu.

Sagir:
Na janye. Amma tambayata tana nan: me ya sa dariya ɗaya za ta rufe bakin wata shekara biyu, ni kuma ba ta rufe nawa ba?

Malama Hauwa'u:
Yanzu ka yi tambaya, Sagir. Ni abin da nake gani a aji, farashin kuskure ba ɗaya ba ne. Namiji in ya kwafsa, sai ya mayar da abin wasa, abokansa su tafa masa, ya fita da riba. Har akwai waɗanda nake zargin da gangan suke ɓata furuci, don kada abokai su ce suna iyayi. Mace in ta kwafsa a yi mata dariya, in ta gyara harshe ta yi shi tsaf a ce tana yanga. Ta ina za ta bi?

Malam Habu:
Malama, zarginki ya yi daidai da abin da Peter Trudgill ya gani a birnin Norwich na Ingila, ya wallafa a 1972, kuma a kan masu Turanci a matsayin harshen uwa. Ya ga mata sun fi kusantar daidaitaccen furuci, maza sun fi riƙe na unguwa. Da ya tambaye su yadda suke furta wasu kalmomi, mata da yawa suka ce suna yin daidaitacce fiye da yadda suke yi a zahiri, maza da yawa kuwa suka ce suna yin na unguwa fiye da yadda suke yi. Wato namiji yana alfahari da kaucewa ƙa'ida, yana ganin ta nan ake gane shi namiji ne. To ka kawo wannan ɗabi'a ajin koyon harshe. Ta ba shi ƙarfin hali, bakinsa ya saki da wuri. Amma ita ce kuma take sa kuskurensa ya daskare, ya shekara ashirin yana Turanci da gudu da kuskuren da ya yi tun ajin farko.

Fargaba kuwa ba raki ba ce, abu ne da ake aunawa. Elaine Horwitz da abokan aikinta sun tsara ma'auninta tun 1986, mai tambaya 33, kuma magana a gaban aji tana cikin abin da ya fi tayar wa masu koyo hankali. Mai fargaba hankalinsa ya rabu biyu, rabi na neman kalma, rabi na kallon fuskokin mutane. Da rabin kai yake magana. Kuma kada a ɗauka mace ce kaɗai, maza da yawa suna ji, faɗa ne ba sa yi.

Injiniya Bashir:
Ga ni nan shaida.

Ummi:
To ni yanzu me zan yi? Na gaji da zama da Turanci a ciki kamar ajiya.

Anti Rabi:
Ummi ƙanwata, ki fara inda ba mai ganinki. Ɗauki wayarki, ki zaɓi batu ɗaya, ko yadda kika yini ne, ki naɗi muryarki minti biyu ba tsayawa. Sharaɗi ɗaya: ko kin ji kin yi kuskure kada ki koma gyara, ki wuce. Sai kin gama ki saurara, ki fitar da kuskure biyu kacal, ki sake naɗa. Akwai kuma wata dabara da malamai ke yi, ki ba da labari ɗaya cikin minti huɗu, ki sake ba da shi cikin uku, sannan cikin biyu, in da hali ga mutum daban kowane karo. Kalmomin sun riga sun zo hannu, sai gudu ya ƙaru. Batun p kuwa, ki riƙe 'yar takarda gaban leɓenki, ki haɗe leɓe biyu ki sake su da iska. In takardar ta yi tsalle kin yi daidai. Ita f haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa. Mako biyu ya ishe ki.

In kina so ki turo mini muryar ta akwatin sirri, zan saurara. Ba na dariya, na ji wanda ya fi naki sau dubu.

Nura:
Anti, mu masu daƙiƙa arba'in fa? Ko mu ba 'ya'ya ba ne?

Anti Rabi:
Kai naka akasin nata ne. Kafin ka buɗe baki ka rubuta kalma uku a takarda, kowace ta zama zango ɗaya, kada ka bar zango sai ka kawo dalili da misali. Kuma ka naɗi kanka ka ji, don na tabbata ba ka taɓa sauraron kanka ba.

Nura:
Wannan kuma gaskiya ce mai ɗaci.

Malama Hauwa'u:
Na gode ƙwarai jama'a. Ga abin da na tsara daga Litinin. In na yi tambaya ba ɗaga hannu, kowa ya yi shiru in ƙirga biyar a zuciyata, sannan kowa ya faɗa wa na kusa da shi amsarsa, sai ni in zaɓi wanda zai faɗa wa aji. Dariyar kuskure kuma na hana, wanda ya yi shi zai maimaita jimlar daidai. Batun warewa zan bi Baba a makonni uku na farko, in ga an sake sai in gauraya su yadda Anti Rabi ta ce. Takardar nan kuma zan sake ta, amma wannan karon da suna, kuma ba yawan tashi kaɗai zan rubuta ba, har da tsawon abin da aka faɗa.

Abin da ban san yadda zan yi da shi ba shi ne yara huɗun nan masu baki. Ba laifi suka yi ba, son darasin suke yi. Ina tsoron in na danne su in rasa su, in koma ina da aji mai shiru gaba ɗaya.

Baba Malam:
Kada ki danne su, ki ba su aiki. Ki naɗa kowannensu mai yi wa rukuni tambayoyi, ki ce makinsa yana kan yawan mutanen da ya sa suka yi magana, ba kan tasa ba. Za ki sha mamaki. Amma makonni uku sun yi kaɗan, 'yata. Ki ba su zango guda.

Anti Rabi:
Zango guda, Baba? Ai kafin nan sun saba.

Baba Malam:
To Hauwa'u ta gwada ta dawo mana da takardar, ita za ta raba mu. Kuma ki fara da yaron nan na bakin taga. Ki kira shi gefe bayan an tashi, ba a gaban aji ba.